Leonhart Fuchs: Likitan Jamus da ya ba tsirrai kamanninsu a littafi

Leonhart Fuchs likita ne Bajamushe, malamin jami'a kuma masanin tsirrai, wanda ya rayu daga 1501 zuwa 1566. Ana lissafa shi cikin mutum uku da ake wa laƙabi da iyayen ilimin tsirrai na Jamus, tare da Otto Brunfels da Hieronymus Bock. Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne wani ƙaton littafi da ya fitar a 1542, mai ɗauke da bayanin tsirrai kusan 500 da zane fiye da 500. An yi zanen ne daga tsirrai na zahiri, domin likita da mai haɗa magani su tabbatar da abin da ke hannunsu kafin su ɗura wa majinyaci.

Haihuwa da karatu

An haifi Fuchs ranar 17 ga Janairu, 1501, a Wemding, wani ƙaramin gari a ƙasar Bavaria da ke kudancin Jamus ta yau. Mahaifinsa ya riƙe muƙamin magajin gari, amma ya rasu tun yaron yana ƙarami, saboda haka ɗawainiyar karatunsa ta koma hannun mahaifiyarsa. An kai shi makaranta a Heilbronn, daga nan ya wuce Erfurt, inda ya shiga jami'a ya sami digirin farko a 1517 yana ɗan shekara 16. Ya koma garinsu ya buɗe makaranta na ɗan lokaci, sannan a 1519 ya tafi Jami'ar Ingolstadt.

A can ne ya haɗu da Johannes Reuchlin, ɗaya daga cikin manyan masana Girkanci da Ibrananci na wancan zamani. Ilimin Girkanci da Fuchs ya samu a lokacin shi ne ginshiƙin duk abin da ya yi daga baya, don ya ba shi ikon karanta littattafan likitocin Girka a harshensu na asali, ba sai ta hanyar fassara ba. Ya sami digiri na biyu a 1521, ya kuma kammala karatun likita a 1524. A wannan shekara ya fara aiki a Munich, ya auri Anna Friedberger, wadda ta haifa masa 'ya'ya goma.

Likitanci cikin rikicin addini

Fuchs ya tashi ne a lokacin da Jamus ta dare gida biyu. A 1517 Martin Luther ya ƙalubalanci Cocin Katolika, kuma Fuchs na cikin matasan masu ilimi da suka karɓi koyarwarsa. Wannan zaɓi ya shafi inda zai iya zama da inda zai iya cin abinci. A 1526 an naɗa shi malamin likitanci a Ingolstadt, wadda cibiya ce ta masu kare Katolika, ƙarƙashin tasirin Johann Eck, babban abokin gardamar Luther. Bayan shekara biyu ya bar wurin ya zama likitan fadar Georg, sarkin Brandenburg-Ansbach, wanda shi ma mabiyin Luther ne.

Yana Ansbach ne wata annoba da ake kira zufar Ingila ta shigo Jamus a 1529. Ciwo ne mai zuwa da zazzaɓi da gumi mai yawa, yana iya kashe mutum cikin yini guda. Yadda Fuchs ya kula da majinyata a lokacin ya sa sunansa ya bazu. Ya sake komawa Ingolstadt a 1533, amma saɓanin aƙida bai bar shi ya zauna ba, sai ya koma Ansbach.

Matsuguninsa na dindindin ya samu ne a 1535. Sarki Ulrich na Württemberg, wanda ya dawo kan gadonsa a 1534 ya mayar da ƙasarsa kan tafarkin Luther, ya kira shi Jami'ar Tübingen domin ya taimaka wajen gyara ta. Fuchs ya shekara 31 a can, ya riƙe shugabancin jami'ar har sau bakwai. Ya sauya tsarin koyar da likitanci, ya dogara da littattafan Hippocrates da Galen, ya ba ilimin sassan jikin mutum muhimmanci, kuma ya riƙa fita da ɗalibai jeji su ga tsirrai inda suke fitowa. Ya dasa lambun tsirran magani kusa da gidansa, wanda ake kira Nonnenhaus, ginin kuwa yana nan har yau. An yi masa tayin aiki daga Denmark da kuma Pisa ta Italiya, bai karɓa ba.

Matsalar da ya tarar

A ƙarni na 16 kusan duk maganin da likita zai rubuta daga tsiro yake: ganye, saiwa, sassaƙe, fure, iri ko ƙaro. Madogarar likitocin Turai ita ce littafin Dioscorides, wani likita Bagirke na ƙarni na farko, wanda ya bayyana tsirrai kusan 600. Sai dai an shafe fiye da shekara dubu ana kwafar littafin da hannu, ana juya shi daga harshe zuwa harshe. Sunaye sun gurɓata, zane ya lalace, har mai kwafa ya riƙa zana abin da bai taɓa gani ba daga zanen wani wanda shi ma bai taɓa gani ba. Ko bayan da Gutenberg ya ƙirƙiro injin ɗab'i a tsakiyar ƙarni na 15, littattafan tsirrai na farko da aka buga, irin su Hortus Sanitatis na 1491, sun ci gaba da ɗaukar zane na ƙage, har da saiwa mai siffar mutum.

Sakamakon haka ya faɗa kan majinyaci. Likita ya rubuta suna daga littafi, mai haɗa magani ya ɗauko abin da yake zaton shi ne, shi kuma ya saya ne daga hannun masu tono a jeji waɗanda ke da nasu sunayen. Idan aka yi sa'a, maganin bai yi komai ba. Idan ba a yi ba, an ba mutum guba, domin kama da wane ba ta wane. Fuchs ya koka cewa likitocin zamaninsa suna ganin sanin tsirrai aikin ƙasƙanci ne, sun bar shi ga waɗanda ba su yi karatu ba, alhali rayukan mutane sun rataya a kansa.

Saɓaninsa da likitancin Larabawa

Littafinsa na farko, Errata recentiorum medicorum na 1530, ya jero kura-kurai 60 da ya ce likitocin baya-bayan nan suna tafkawa. Ya faɗaɗa shi a 1535 da sunan Paradoxorum medicinae. A cikinsu ya ɗora yawancin laifin a kan littattafan likitocin Musulmi da jami'o'in Turai suka daɗe suna koyarwa, musamman Al-Ƙanun fi al-Ɗibb na Ibn Sina, wanda Gerard na Cremona ya fassara zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12. Ra'ayin Fuchs shi ne a ajiye su a koma ga Girkawa kai tsaye.

Akwai gaskiya a wani ɓangare na ƙorafinsa. Sunan tsiro da ya tashi daga Girkanci zuwa Larabci, daga Larabci zuwa Latin, a hannun masu kwafa da ba su jin ko ɗaya daga cikin harsunan biyu na farko, sau da yawa yakan iso ba a gane shi. Amma wannan laifin fassara ne da kwafa, kuma Fuchs ya zarce ya shafa wa marubutan kansu. A Bagadaza, a ƙarni na 9, aka fassara Dioscorides zuwa Larabci, Hunayn ibn Ishaƙ ya duba fassarar, kuma likitocin duniyar Musulunci sun ƙara magunguna da Girkawa ba su sani ba, kamar filasko da tsamiya da kafur. Sunan tsamiya a harsunan Turai ma daga Larabci ya fito, daga kalmomin da ke nufin dabinon Indiya. Ibn al-Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a 1248, ya tattara bayanin magunguna da abinci kusan 1,400.

Tun a zamaninsa an mayar masa da martani. Symphorien Champier, likita a Lyon ta Faransa, ya shiga gardamar, kuma a 1536 Michael Servetus ya buga ɗan littafi yana sukar Fuchs yana kare Champier. Duk da haka ra'ayin komawa ga tushen Girka ya ci gaba da samun ƙarfi a jami'o'in Jamus, kuma Fuchs na cikin manyan jagororinsa.

Littafin 1542

Sunan littafin De historia stirpium commentarii insignes, wato fitattun bayanai kan tarihin tsirrai. Michael Isingrin ne ya buga shi a Basel, cikin Latin, a manyan shafuka kusan 900. Kimanin 400 daga cikin tsirran na jejin Jamus ne, sauran kusan 100 kuwa na lambu ne ko baƙi daga wasu ƙasashe. An jera babobin bisa harafin farko na sunan tsiro a Girkanci.

Kowane babi yana bin tsari ɗaya. Da farko sunayen tsiron a Girkanci da Latin da Jamusanci, da sunan da masu haɗa magani ke kiransa. Sai ire-irensa, sai siffarsa, sai inda yake fitowa, sai lokacin da yake fure ko ake tsinkarsa. Daga nan sai ɗabi'arsa, wato ko mai zafi ne ko mai sanyi, mai danshi ko busasshe, bisa tsarin Galen wanda littattafan ɗibbu na Larabci ma suka ginu a kansa. A ƙarshe sai amfaninsa kamar yadda Dioscorides da Galen da Pliny suka faɗa. Fuchs ya kuma sa jerin kalmomin fannin tare da ma'anarsu, abin da ake lissafawa cikin ƙamus na farko na ilimin tsirrai.

Ƙarfin littafin yana cikin zanen. Mutum uku suka yi aikin ƙarƙashin kulawarsa. Albrecht Meyer ne ke zana tsiron yana kallon na gaske. Heinrich Füllmaurer ya mayar da zanen kan allon katako. Veit Rudolf Speckle, gwanin sassaƙa na Strasbourg, ya fafe katakon ya bar layukan da za su ɗauki tawada. Kowane tsiro ya sami shafi guda cif, daga saiwa har fure. Fuchs ya hana a cika zanen da inuwa da ƙawa, don kada su rufe ainihin siffar, aka bar layuka sirara yadda za a iya shafa launi da hannu bayan bugu.

Ya kuma bambanta da Brunfels. Mai zanen littafin Brunfels na 1530, Hans Weiditz, yakan zana tsiron da ke gabansa yadda ya same shi, har da yanƙwanannen ganye da cin ƙwari. Fuchs kuwa cikakken samfuri yake so, wanda zai wakilci irin tsiron gaba ɗaya. Shi ya sa wani lokaci za a ga fure da 'ya'ya a reshe ɗaya, ko da yake a jeji ba sa haɗuwa a lokaci guda. Manufar ita ce mai littafin ya gane tsiron a kowane lokaci na shekara ya ci karo da shi. Gani ya kori ji.

Wani abin da ba a saba gani ba a lokacin shi ne, an buga hotunan masu zanen su uku a ƙarshen littafin, biyu suna bakin aiki, tare da sunayensu. Hoton Fuchs kansa yana farko, a tsaye, yana ɗan shekara 41, riƙe da tsiro.

Littafin yana da rauninsa. Yawancin rubutun tattaro maganar magabata ne, kuma a wajen bayyana tsiro da kalmomi Bock ya fi shi lura. Babban kuskurensa shi ne ɗaukar cewa tsirran Jamus su ne waɗanda Dioscorides ya gani a ƙasashen Bahar Rum. Ya riƙa laƙaba wa tsiron arewa sunan tsiron kudu don kawai sun yi kama. Sai dai da yake zanen daidai ne, masana na baya sun iya gane tsiron da yake nufi su gyara sunan.

Masara da barkono

Shekara 50 kacal bayan isar Columbus nahiyar Amurka a 1492, littafin Fuchs ya fito da zanen masara da barkono da kabewa, waɗanda ke cikin na farko da aka buga a littafin tsirrai na Turai. Amma bai san daga Amurka suka zo ba. Ya kira masara hatsin Turkiyya, yana zaton daga Asiya aka kawo ta, ya kuma ambaci cewa ƙwayoyinta na zuwa da launi daban-daban. Barkono kuwa ya danganta shi da Kalikut, tashar jiragen ruwa a gaɓar Indiya da ta shahara da cinikin kayan yaji.

Kuskure ne da ke nuna yadda kaya ke tafiya. Mutane sukan raɗa wa baƙon amfanin gona sunan wurin da fatake suka ce sun ɗauko shi, ko wurin da suke ganin duk wani baƙon abu daga can yake fitowa. Hausa ma ta yi irin wannan, domin masana harshe suna danganta kalmar masara da Masar, alhali asalin shukar daga ƙasar Meziko ne.

Furen hular yatsa

Akwai wani tsiro mai dogon kara da furanni kamar ƙananan ƙararrawa wanda Fuchs bai sami sunansa a littattafan Girka ba. Jamusawa na kiransa Fingerhut, wato hular yatsa, abin nan da mai ɗinki ke sawa don kada allura ta soke shi. Fuchs ya juya ma'anar zuwa Latin ya kira shi Digitalis, sunan da ake amfani da shi har yau.

A 1785 wani likitan Ingila, William Withering, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da ganyen wajen maganin kumburin jiki da ke biyo bayan raunin zuciya. A 1930 aka tace sinadarin digoxin daga wani jinsi na tsiron, kuma likitoci na ba da shi har yanzu ga wasu masu ciwon zuciya. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ƙanƙanuwa ce, ga shi kuma ganyen kafin ya yi fure yana kama da na wasu tsirrai da ake ci ko ake sha. Irin wannan tsiro ne ke nuna dalilin da ya sa Fuchs ya nace a kan zane na gaskiya da suna tabbatacce.

Yaɗuwa, satar aiki da gardama

A 1543 Isingrin ya fitar da fassarar Jamusanci mai suna New Kreüterbuch, domin waɗanda ba su jin Latin su amfana. A wannan shekara ce Andreas Vesalius ya buga babban littafinsa kan sassan jikin mutum a Basel ɗin, Nicolaus Copernicus kuma ya fitar da nasa kan tafiyar duniyoyi a Nuremberg. Da yake babban bugun yana da nauyi da tsada, a 1545 aka fitar da ƙarami mai zane zalla wanda za a iya shiga jeji da shi. An fassara littafin zuwa harsunan Holan da Faransa da Sifaniya, an kuma sake buga shi fiye da sau 30 tun marubucin yana raye.

Kasuwa ta jawo masu kwaikwayo. Christian Egenolff, mai maɗaba'a a Frankfurt, ya kwafi zanen ya rage girmansu ya sa a nasa littattafan masu araha. Fuchs, wanda ya zuba dukiya da shekaru a aikin, ya rubuta masa raddi mai zafi, yana ƙorafin cewa an ci guminsa an kuma haɗa wasu zanen da sunayen da ba nasu ba. Shi ma bai tsira daga zargi ba. Janus Cornarius, wani likita masanin Girkanci, ya zarge shi da ɗibar aikin wasu, ya yi wasa da sunansa, wanda a Jamusanci ke nufin yanyawa, ya sa wa littafin raddinsa suna ɗan yanyawar da aka feɗe. Fuchs mutum ne mai kaifin alƙalami, kuma ya ɓatar da lokaci mai yawa a irin waɗannan gardandami.

Bayan littafin tsirrai, ya rubuta littattafan koyar da likitanci, ciki har da Institutiones medicinae na 1555, ya fassara ayyukan Hippocrates da Galen ya yi musu sharhi, ya kuma fitar da taƙaitaccen littafi kan sassan jiki a 1551 wanda ya dogara sosai da Vesalius. A 1555 Sarki Charles na Biyar ya ba shi darajar sarauta.

Aikin da bai ga bugu ba

Fuchs ya shafe sauran rayuwarsa yana faɗaɗa littafin. Ya tara zane masu launi fiye da 1,500, har da na tumatir da taba, ya shirya rubutun da zai cika manyan juzu'i uku. Kuɗin sassaƙa allunan da na takarda ya fi ƙarfin duk mai maɗaba'ar da ya tuntuɓa, Isingrin kuma ya rasu a 1557. Matarsa ta rasu a 1563, shi kuma ya bi ta ranar 10 ga Mayu, 1566, a Tübingen, yana da shekara 65, ba tare da an buga aikin ba. Rubutun, wanda aka ɗinke cikin kundi tara, yana ajiye a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Ostiriya da ke Vienna.

Abin da ya bari

Fiye da shekara 130 bayan rasuwarsa, wani limamin Kirista Bafaranshe masanin tsirrai, Charles Plumier, ya sami wani tsiro mai jan fure a tsibirin Hispaniola, inda ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suke a yau. A 1703 ya raɗa masa suna Fuchsia don tunawa da likitan na Tübingen, wanda bai taɓa ganin furen ba. Carl Linnaeus ya riƙe sunan a littafinsa na 1753, wanda daga shi ake fara lissafin sunayen tsirrai na kimiyya, ya kuma riƙa ambaton zanen Fuchs a matsayin madogara. Daga furen ne wani launi tsakanin ja da shunayya ya sami sunansa a harsunan Turai.

An daina aiki da yawancin magungunan da Fuchs ya rubuta, tsarin zafi da sanyi na Galen ma likitancin zamani ya ajiye shi. Abin da ya ɗore shi ne hanyar aikinsa: a samo tsiron kansa, a zana shi daidai, a jera duk sunayen da ake kiransa da su a wuri ɗaya, sannan a yi maganar amfaninsa. Wannan hanya ce masanan da suka biyo baya suka bi a ƙasashe da dama. A arewacin Najeriya, wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai a Hausa a 1916, inda ya haɗa sunan da jama'a suka sani da sunan kimiyya. Buƙatar hakan ba ta kau ba, domin a kasuwannin magungunan gargajiya suna ɗaya kan hau tsirrai biyu ko uku, tsiro ɗaya kuma kan amsa suna daban a kowane gari, kuma da zarar an daka saiwa ta zama gari, mai saye ba shi da hanyar tantance abin da aka ba shi sai amanar mai sayarwa da binciken hukumomin kula da magunguna.